Manhaja ta koma zaman haya

A da, mai shagon buga takardu a Mandawari da manhajarsa yake kwana. Ya sayo faifai, ya ɗora Word a kwamfuta, shi ke nan. Ko ta halak ce ko ta bayan fage, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa.

Yanzu kuwa Chrome kawai zai buɗe. Tun 2010 Microsoft ya kai Word intanet, Photoshop ma ya bi sahu a 2023. Babu ɗorawa, kuma ko kwamfutar ta ƙone, takardarka tana nan a ajiye a rumbun kamfanin, can wata uwa duniya. Madalla.

Sai dai mai gida ya zama ɗan haya, kuɗin hayar kuwa data. Ga Alhaji tsaye, ɗaurin auren 'yarsa jibi, katin gayyata ya maƙale a kan sunan ango. Ga wuta, ga injin bugawa, ga yaro ya ɗaga waya sama yana zagaya shago.

"Alhaji, a yi haƙuri, sabis ne."

"To ɗana, sabis ɗin ne waliyyi?"

Mai shirin biki, kafin ka tambayi farashi, tambayi mai shago ko ya sa data.