Farata 14 da Canjin Naira 60

Ranar Talatar nan ɓeran Masar ya hana ni barcin rana a unguwar Sarkin Dawaki, Jalingo. Shi bawan Allah bai ce uffan ba. Dattawa ne, masu furfura da jikoki, suka cika inuwar ƙofar gidana suna ciniki a kan farcensa.

Maƙwabcina Alhaji ne ya saya wa autansa, da zomo ya yi tsada. An yi kwana uku ana ɗaukarsa hoto, daga nan aka jefa shi keji, ana wurga masa ɓawon kankana in an tuna. Farcensa kuwa ba ya daina tsiro. A can ƙauyukan Peru, inda asalinsa yake, a ƙasan madafa yake yawo, ƙasa tana cinye farcen, kuma da wuya ya daɗe a duniya har farce ya dame shi, don gasa shi suke yi. Na Jalingo yana zaune a kan katako, farata sun yi tsawo sun nannaɗe har suna neman shiga tafin ƙafarsa.

Da yaron ya ji ƙyas-ƙyas ɗin almakashi a bakin layi, sai ya rugo da abinsa a hannu. "Baba mai farce, nawa za ka yanke wa wannan?" Mutumin ya dubi yaro, ya dubi ɓera, ya ce naira 200, hannu da ƙafa, yadda yake yi wa kowa.

Nan Alhaji ya gyara zama. Ya sa aka juya dabbar, ya ƙirga da kansa: ƙafafun gaba yatsu huɗu-huɗu, na baya uku-uku. Goma sha huɗu. Ɗan Adam 20 gare shi. Saboda haka, in ji Alhaji, kuɗin aiki naira 140 ne, ko sisi ba zai ƙara ba. Mai farce ya ce tunda ya fara sana'ar nan ba a taɓa samun wanda ya yi masa fitsari a cinya ba, wannan kuwa tun ba a fara ba ya yi. Wani tsohon malamin firamare ya ce a duba girman farcen, ai duka 14 ɗin ba su kai na babban yatsan Alhaji ba. Aka ce masa da a ce da girma ake biya, da tuni Alhaji ya sayar da fili. Aka daidaita a 140, sai ga babu canji. Wa ke da naira 10 a zamanin nan?

Mafita daga bakin mai shayi ta fito: a biya 200 cif, sauran farata shida su zama ajiya, a cike su da na Alhaji. Aka yi kabbara. Sai kuma rigima ta koma kan waɗanne shidan. Hannun dama duka da ɗaya na hagu? Uku nan, uku can? Wani ya ce a bari sai Juma'a ladan ya fi yawa. Wani ya tambaya, da gaske fa, ko ƙa'idar kada farce ya wuce kwana 40 ta hau kan ɓera. Wata tsohuwa ta aiko daga cikin gida a yi sauri kafin magariba, ba a yanke farce da dare, kuma a tattara a binne. Ban san wanda zai kai farcen ɓeran Masar wajen boka ba, balle abin da zai nema a hana shi. Ɓawon kankana?

Aikin kansa bai ɗauki minti goma ba. Yaron ya naɗe ɓeran a tsohon ɗankwali, ya haska fitilar waya ta bayan farcen, jan jijiyar da ke ciki ta fito sarai, mai farce yana tsinke bakin kawai. A na ƙarshe hannunsa ya zarce, jini ya ɗigo, aka danna garin masara ya tsaya. Ya goge almakashin da tsummansa, ya tsoma a ruwan kumfar nan na 'yar kwalba, ya ce Alhaji ya miƙo shidansa.

Alhaji ya janye hannu. "Almakashin da ya taɓa ɓera? Allah ya kiyaye!" Majalisa duka ta goyi bayansa.

Wannan ne ya tayar da ni zaune. Almakashin nan tun safe yake yawo, daga babbar kasuwa zuwa tasha, daga Sabon Gari zuwa Mayo Gwoi. Ya shiga gefen yatsun mutum nawa, ya fitar da jinin nawa, duk da tsumma ɗaya da kumfa ɗaya? Shekara da shekaru muna miƙa masa hannu muna latsa waya da ɗayan, ba wanda ya taɓa cewa Allah ya kiyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a wajen jiki da ranta, kuma ta jini take shiga. Ɓeran Masar, in ya yi maka mugunta, ya shafa maka makero. A duk waɗanda almakashin nan ya taɓa ranar, shi ne ya fi kowa dalilin ƙyanƙyami. Guntun farcen da ya faɗi ƙasa muna haƙa masa rami don tsoron maƙiya, yatsan da ke jikinmu kuma mun sallama wa duk mai wucewa. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan cikin gari, a ce mutum ya je gwajin hanta, sai ya ce yana jin garau.

Af, na manta. Ko da ana lissafin shidan nan, tun farko Alhaji ya cire ƙaramin yatsan hagu daga ciniki. Wannan ba a taɓa shi. Kun san shi, dogon nan mai launin goro. A da in ka tambaya sai a ce na kankare katin waya ne. Yanzu ta banki ake sa kuɗi, farce yana nan. Ya shiga kunne, ya fito ya shiga tsakanin haƙora, ya ɓare goro ya miƙo maka rabi, kuma dole ka karɓa don babba ne. Na ga wanda ke nuna layi da shi a takardar fili. Na ga wanda ya ɗaure sukurun tabarau da shi a sahun jana'iza. A cikin Keke, in mai shi ya riƙe ƙarfe kusa da fuskarka, har Mile Six ba za ka ƙifta ido ba.

Alhazai, abin yanke farce bai kai kuɗin tsire ba. Kowa ya sayi nasa ya ajiye a aljihu, kuma don Allah a fara da wannan yatsan.