Alhaji, Nawa Geji Ya Nuna?

Na san abin da za ku ce, ku masu Corolla da Camry da Accord na Gusau, da 'yan uwanku na Tsafe da Bungudu: "Wanga yaro, yaushe ya riƙa sifana har da zai koya muna mota?" Ku kwantar da hankalinku, ban zo cire wa bakanike tuwo a baki ba. Ƙorafina ɗaya ne. Mota ta yi tari sau biyu a shataletalen Lalan, kafin a ɗaga bonet an riga an yanke mata hukunci: fiyel famfo ne. A canza famfo, tari na nan. A wanke nozul, a sa sabbin fulogi, a taɓa koyil. Idan aljihu ya ƙare tari bai ƙare ba, sai a ce ai motar nan an sa mata ido.

To bari mu fara da abin da ba ya cin ko sisi. A gefen injinku akwai wani zobe, galibi ruwan ɗorawa, wanda in aka ja shi zai fito da dogon ƙarfe. Gejin baƙin mai ke nan. Kada ku yi dariya, akwai mai shekara biyar da mota wanda yaron gareji ne kawai ke gaisawa da zoben nan. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a kashe, a ba ta kamar minti biyar mai ya koma ƙasa, a zaro, a goge, a mayar, a sake zarowa. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama kimanin lita ɗaya ce a yawancin waɗannan motoci.

Ga wani can ya murza man da yatsa biyu, ya girgiza kai: "Ya yi baƙi, ya mutu." Ranka ya daɗe, baƙin da ya yi shaida ce cewa yana kwashe dattin inji, aikin da aka sayo shi ya yi ke nan. Abubuwan tsoro daban suke. Idan man ya koma launin shayi mai madara, kuma ruwan lagireto na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, to ruwa ya sami hanya, a tuhumi gaskit ɗin sama. Ɗan farin kumfa a bayan murfi kaɗai, a motar da ba ta wuce kai yara makaranta a dawo, yana iya zama raɓa ce kawai. Na biyun kuwa shi ne wanda Alhajin Bungudu ke murna da shi. Ya duba geji ya ga mai ya haura inda aka bar shi ranar juye, ya ce Allah ya sa wa motarsa albarka. Alhaji, shinshina albarkar nan, za ka ji warin fetur. Nozul ne ke ɗiga bayan an kashe mota, ko wani fulogi ya daina ƙona rabonsa, fetur ya bi ta gefen ringi ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Mai tsinkakke ba ya riƙe metal ɗin karanshaf. Ranar da inji zai buga ba zai nemi izini ba.

Sai babbar gardama, wadda na san a kanta za ku tattaro riguna: kauri. "Zafin Zamfara sai 20W-50, wancan mai ruwa-ruwa na Turawa ne." Awo, na ji. Amma zafin watan Afrilu a Gusau ya ɗan haura digiri 40 ne, inji kuwa a kusan digiri 90 yake aikinsa, ko a Kwatarkwashi ko a Japan. Lamba ta biyun nan da ke jikin galan, 30 ko 50, a digiri 100 ake auna ta. Wanda ya ƙera injin ya san da zafi. A mota da yawa ya ma rubuta abin da yake so a kan murfin da kuke buɗewa ku zuba mai, 5W-30 ko makamancinsa, kuna karantawa da ido kuna zuba wani da hannu. Injunan da aka rubuta wa VVT-i ko i-VTEC da matsin baƙin mai suke juya lokacin buɗe bawul, ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi da raga siririya. Mai kauri, musamman wanda ya daɗe ba a juye ba, yana iya haddasa ƙarar nan ta safiya da kuke cewa mota na gaisuwa. Zan ba ku gaskiyarku a wuri ɗaya: tsohuwar Peugeot 504 ko 505, da injin da ya riga ya saki jiki, waɗannan mai kauri na rufa musu asiri. Amma shekarun Baba daban, na jikansa daban.

Da wannan tsoron zafin ne kuma ake cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai-tsaye tana ta juyawa. Inji ya kasa kai zafin aikinsa, musamman da hunturu, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu asuba ce, ta ci gaba da ƙara fetur. Kai kuma kana gidan mai kana zagin mita.

Masu Camry Muscle ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4, ku matso kusa. Injin nan ya yi suna da shan baƙin mai ta wajen ringi, har kamfanin Toyota ya amsa laifin a Amurka ya gyara wa mutane da yawa. Taku ta tsallako teku bayan an gama rabon. Ku riƙa duba geji duk mako. Jar fitilar nan mai siffar buta kuwa ba cewa take mai ya ɗan ragu ba, cewa take matsi ya faɗi. Idan ta kama kana tafiya, ba a cewa bari in ƙarasa gida.

Mu dawo kan famfon da kuke canzawa kowace Sallah. A cikin tanki yake zaune, fetur ɗin da yake turawa shi ke sanyaya shi. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi, allurar mai a motoci da yawa ta tare a kan E, har fitilar gargaɗi ta zama cikin kayan ado. Ban ga laifinku ba, ni ma ba rijiyar mai gare ni ba. Amma famfon da kullum yake lasar gindin tanki yana shan iska da zafi, ga ragarsa na tara laka. Sai ku sayo mafi araha a kasuwa, ya yi wata uku, ku ce kayan zamani ba su da ƙarko.

Kafin a sauke famfo, ga abin da ya kamata. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a kasa kunne wajen kujerar baya: a irin su Accord lafiyayye zai yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ya yi shiru, a Toyota da yawa kuwa sai ana tayarwa yake juyawa. In bai yi ba, a duba fiyus da rile tukuna, don su ma suna mutuwa, kuɗinsu kuma bai kama ƙafar na famfo ba. In ya yi, a ɗaura gejin matsi. Corolla ta 2003 zuwa 2008, misali, tana son psi 44 zuwa 50. Cire tiyo a ga fetur ya yi tsartuwa a ce "yana kawowa" ba awo ba ne, neman gobara ne.

Wani lokacin kuma motar ba ta da laifi, abin da aka ba ta ne. Kun tuna Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur mai yawan metanol daga Beljiyam, motoci suka yi ta lalacewa a Legas da Abuja, layi ya game ƙasa. Wannan ta babbar ƙofa ya shigo, balle na galan a bakin titi. A 2021 gwamnatin Matawalle ta hana sayar da fetur a jarka saboda tsaro, amma ɗan bumburutu da mai mota tsohuwar zuma ce, ba sa rabuwa. Idan mota ta fara shaƙewa jim kaɗan bayan an sha mai, a ɗebo kaɗan a farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa kowa ya gani.

Fitilar cek kuma fa? Na ga masu liƙa mata sitika, na ga dilolin da ke cire ƙwanta kafin ciniki. Tun 1996, shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, duk motar da aka sayar a Amurka tana da kafar da ake soka na'ura ta faɗi abin da ke damunta. Jihar ta girma ta yi gwamnoni, kafar motar Alhaji ko sau ɗaya ba a taɓa leƙa ta ba. Masu kwamfuta, ku daina murmushi, kun shigo layi. Na'ura ta nuna P0171, ku ce famfo. Abin da ta ce shi ne iska ta rinjayi fetur. Yana iya zama famfo, yana iya zama robar iska ce ta tsage, ko ƙurar hunturu ta rufe sensar da ke bayan filtar iska, filtar da ake ta hurawa da iskar mai faci tun zamanin mai motar na farko. Goge lambar a karɓi kuɗi kuwa, kafin mutum ya kai Damba fitila ta dawo.

Mutumin Tsafe ya ce shekara ashirin yana tuƙi bai san psi ba, kuma Allah ke tsarewa. Haka ne, Baba, Allah ya ci gaba da tsarewa. Sai dai ka fi ni sanin cewa hanyar Gusau zuwa Funtuwa ba wurin da mutum zai so ya buɗe bonet da la'asar sakaliya ba ne, ga iyali a kujerar baya. In bakanike ya ce famfo, tambaye shi nawa geji ya nuna, kuma ka ce a sa maka tsohon a but. Sannan in ka koma gida ka tambayi Hajiya tun yaushe take jin warin fetur a motar. Za ta gaya maka ranar, da inda za ku, da amsar da ka ba ta.