Nasiha Ga Mai Nufin Aske Wuyansa Da Aska

Magabata sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, ni kuwa ba ni da nufin jayayya da magabata a kan abin da suka fi ni sani. Sai dai duk wanda ya taɓa ɗora aska tsirara a ƙarƙashin muƙamuƙinsa, ya gangara da ita har zakaran wuya, ya san cewa goshi fili ne wanda ko yaron wanzami yana iya ratsa shi, alhali wuya wuri ne mai kwari da tudu, inda fata take da taushi, gashi kuma ba ya bin ƙa'ida. Ina rubuta wannan nasiha ne wuyana yana raɗaɗi tun Juma'ar da ta shige, saboda haka ba zan tsaya cewa a jiƙa gashi da ruwan ɗumi ko a nemi madubi ba. Haka nan mas'alar inda gemu ya ƙare wuya ya soma na bar wa malamai, tun da akwai babi guda a Risala ta Ibn Abi Zaid a kan fiɗira da kaciya da aski da tufafi, masu sharhi kuma sun yi bayani.

Sharaɗi na farko shi ne kaifi. Wasa aska a dutse sai jifa-jifa, amma goga ta a fatar wasawa wajibi ne kafin kowane aski, kuma bayan askar ne yake yin gaba, bakinta yana biye, in ba haka ba ka yanke fatar ka dakushe ƙarfen. Wannan duka mai sauƙi ne da a ce mutum shi kaɗai yake zaune a gidansa. Amma ina! Ka wasa askarka da dare, ka goge ta, ka shafe ta da mai don gudun tsatsa, ka ɓoye ta a inda kake zaton ko aljani ba zai gano ba, gari na wayewa ka tarar wani ɗalibi ya feƙe alƙalaminsa na kara da ita, ko an yanke zaren ɗinki, ko an datse igiyar shanya, an kuma mayar maka da ita mazauninta cikin ladabi, babu wanda ya ga komai, babu wanda ya ji komai. Giɓin da kara ke yi wa bakin aska ido ba ya ganinsa, wuya ne ke ba da shaida. Tun da aka fara sayar da rezar Gillette a Amurka a 1903, jama'a suka saba da ƙarfen da ake aski da shi a yar, har aka manta cewa aska dukiya ce da ake gada. Kuma wallahi ba rowa ba ce in mutum ya hana aronta, domin ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi, aska kuwa ba ta rabuwa da jini. Wanda ya zo aro, a ba shi haƙuri da wuƙar yankan albasa.

Na biyu, ka san inda gashinka ya dosa. A kumatu yana gangarowa ƙasa cikin biyayya, amma a wuya sai ka same shi kamar geron da iskar hadari ta kwantar, wani ya yi gabas, wani ya yi yamma, wani ma ya yi sama. Ka bar shi ya ɗan tofo, ka shafa da yatsa: inda ka ji santsi nan ne hanyarsa, inda ka ji kaushi ka saɓa masa. Ka bi hanyarsa a karo na farko, in bai ishe ka ba ka sake shafa kumfa ka ratsa shi ta gefe, daga nan ka tsaya. Gashinmu murɗaɗɗe ne, idan aka kankare shi har ƙasan fata sai tsininsa ya lanƙwashe ya koma ciki, ya haifi ƙurajen nan da wuyan riga ke gurza tun daga hantsi har isha'i. Masu cewa aski bai cika ba sai tafin hannu ya zame a wuya, ba su ne za su kwana da ƙaiƙayin ba.

Na uku, ja fata. Gefen muƙamuƙi ƙashi ne mai kusurwa, aska kuwa shimfiɗa take so, don haka sai ka sa yatsu a kunci ka jawo fatar sama har layin muƙamuƙin ya hau kan kumatu, ka aske shi a can. In yatsu suna zamewa saboda sabulu, ka shafa musu jiƙaƙƙen alimun. Askar ta kwanta, kada ɗagawarta ta wuce digiri 30, tafiyarta gajera-gajera, ba dannawa, kuma har abada kada ta zame ta tsawon bakinta, domin wannan yanka ne. Zakaran wuya ba a hawa kansa. Fatar ake janyewa gefe a aske, a saki.

To, a nan ne fa musibar take. Daidai lokacin da ka ɗaga haɓa, ka riƙe numfashi, ƙarfe yana kan maƙogwaronka, a sannan ne za a kwaɗa sallama a zaure. Amsa sallama wajibi ne, babu mai musun wannan. Amma maƙogwaro motsi yake in an yi magana, aska kuwa ba ta san uzuri ba. Kafin ka janye hannu an sake ta biyu da ƙarfi, ta uku kuma da fushi, daga cikin gida ana cewa, "Malam, ba ka ji ana sallama ba ne?" Yaro kuma ya sheƙo a guje ya bangaji gwiwar hannunka domin ya sanar da kai abin da ka riga ka ji. Ka ajiye aska, ka fita da kumfa a rabin fuska, ka tarar da mai neman canjin kuɗi. In da hunturu ne, kafin ka komo kumfar ta bushe ta zama gari, fata ta ɗaure, sai a koma farko. Ina roƙon jama'a don girman Allah, wanda ya yi sallama sau ɗaya da safiyar Juma'a bai ji amsa ba, ya kyautata zato, ya zauna a dakali.

Na huɗu, ko na biyar, duk ɗaya ne, tun da jini ya riga ya fito: ruwan sanyi, alimun, sa'an nan man kaɗanya kaɗan. Alimun zai yi zafi, a daure. A mazhabar Malikiyya fitar jini ba ta warware alwala, ɗigon da bai kai faɗin dirhami ba kuma an yi afuwa a kansa, saboda haka salla ta inganta. Farar riga ce dai babu mai yi mata afuwa a sahun gaba, gara a jira ya tsaya kafin a sa ta.

Wanda ya ga ba zai iya ba, ya tafi da askarsa wurin wanzami, wanda ya gaji sana'ar, hannunsa kuma ya san wuyan mutane fiye da yadda suka san nasu. Illa iyaka shi ma yana da tasa ɗabi'ar, watau ba ya tambayarka labarin damina da tsadar hatsi da wanda kake ganin zai ci zaɓe sai ya tanƙwasa kanka baya ya ɗora ƙarfe a maƙogwaro, in ka yi shiru kuma ya ɗauka girman kai ne. Saboda haka da zarar kun gama gaisawa, ka zayyana masa ra'ayinka a kan waɗannan al'amura uku dalla-dalla, ka tambaye shi ko akwai saura, sa'an nan ka ba shi izinin buɗe zabira.