Yabon da Ya Kori Mai Sayen Atamfa

Mu 'yan kasuwar Kilomita Biyar da Sango da Faransanci muke ciniki. Ingilishi ya shigo mana da ƙarfinsa ne daga 2014, da dakarun kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka sauka Bangui, cikinsu har da 'yan Ruwanda da Zambiya da Pakistan. Da yake na taɓa zama Kano, sai 'yan layinmu na unguwar Miskine suka naɗa ni tafinta. Ban musa ba, a rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Ran nan wata jami'a ta shigo shagon maƙwabcina Alhaji sayen atamfa. Mace mai natsuwa, ba ɗaga murya, ba ja-in-ja kan farashi. Na ce bari in yaba mata sanyin halinta. Na gyara hula na ce, "Madam, you speak coldly."

Ta ɗaga gira. Na ɗauka yabon ne ya yi mata kaɗan. A garin da ƙanƙara sai da kuɗi, me ya fi ta daraja? Na ƙara da ƙarfi, "Icily, madam!" Baiwar Allah ta ajiye turmi ukun da ta zaɓa, ta fice.

Da daddare ɗiyar ƙanwata, mai karatu a Jami'ar Bangui, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta jera mini kalmomin. "Kawu, 'coolly' fuska biyu gare shi, ko natsuwa ko halin ko-in-kula. 'Distantly' jiki na nan, hankali na wani gari. 'Coldly' ba fara'a, ba sakin fuska. 'Icily' kuwa fushi ne da aka haɗiye."

Ta ce a Ingila hunturu ne abin tsoro, shi ya sa mutumin kirki da ɗumi suke yabonsa. Mu da rana ke gasawa, mukan ce rai ya yi sanyi, ɗa nagari sanyin ido ne.

Tun ranar, in na ce, "Alhaji, ina kwana?" sai ya ce "lafiya" a taƙaice, idonsa na kan turamen nan uku. Na tambayi yarinyar wanne ne wannan a jerin nata.

Ta ce, "Kawu, na ƙarshen ne."