Wanga Wa Na?

Mu mutanen Kebbi akwai abin da ke tsayar da hira cak a majalisa, ko da ana tsakiyar zancen taki da farashin shinkafa: wani ya zaro tsohon hoton 'yan ƙwallo. Haka abin yake a teburin mai shayi a Makerar Gandu, haka yake a bakin kasuwar Argungu. Nan da nan kawuna sun haɗu, shayi ya huce, hoto na yawo hannu zuwa hannu.

"Wanga wa na?"

"Haba Kawu, ba ka gane shi ba? Yekini na!"

"Awo, shi na! Allah shi jiƙan maza."

Hoton da aka fi yawo da shi ke nan: Rashidi Yekini a cikin raga, ya damƙe ta da hannu biyu yana ihu, bayan ya ci Bulgeriya a gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka. Ita ce ƙwallon Nijeriya ta farko a wannan gasa, aka tashi uku da nema. Yekini ya rasu a 2012, amma in hoton ya fito sai ka ji ana labarinsa kamar jiya aka buga. Kuma ba a tashi sai wani ya tuna wa jama'a cewa a Kaduna aka haife shi, garin su Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal. Daga nan sai gasar Olympics ta Atlanta 1996, da muka ci Brazil huɗu da uku, Ajantina uku da biyu. Kowa ya san gidan da ya kalli wasan, da wanda ya hau rufin ɗaki yana juya eriya.

Dattawa kuwa ba su yarda a tsaya nan ba. A wurinsu ƙwallo ita ce wadda aka ji a rediyo, tun Birnin Kebbi da Argungu suna cikin tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a ba mu tamu a 1991. Su za su faɗa maka Mighty Jets ta Jos ce ta ɗauki kofin gasar ƙasa na farko a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka a 1978. Za su kawo maka Ranchers Bees ta Kaduna da ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988, ta ɗauki kofin WAFU a 1989. In yaro ya ɗaga murya ya ce Pillars ta Kano ta ci kofin gasar ƙasa huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, sai dattijo ya gyara zama ya ce: "Gaskiya taka, Sai Masu Gida. Amma a 1990 aka kafa ta. Tambaye ni abin da ya wakana kafin nan."

Ga kuma sha'anin jesi. Mu ne masu tsugunawa gaban tulin gwanjo muna tona, ko Allah zai sa a dace da tsohuwar rigar Arsenal mai JVC a ƙirji, ko ta Manchester United mai Sharp, irin wadda suka doke Bayern da ita a 1999. In aka samu lamba 25 ta Kanu, ko goma ta Okocha a Bolton, ba a dogon ciniki. Ko lambar ta fara ɓarewa, ko wuya ya saki, a wanke a goge a sa ta ranar zuwa gidan kallo. Sabuwa dai kowa na iya saye. Tsohuwa ita ke nuna ba yau ka fara goyon baya ba.

To amma hoton da ya fi taɓa mu ba na Turai ba ne, ba ma na Super Eagles ba. Shi ne wanda wani magidanci zai shiga gida ya ɗauko daga ƙasan akwati, cikin ambulan da ta yi ja. Ƙungiyar unguwa ce, ko ta makaranta. Layi biyu, na baya a tsaye sun harɗe hannu, na gaba a durƙushe. Gola ya rungume ƙwallo, an rubuta shekara a jikinta da fenti. Rigunan tela ne ya ɗinka, lambobin da yadi aka yanka aka liƙa. Wasu da but, wasu da takalmin roba, ɗaya ma ƙafa tsirara. A gefe ga uban ƙungiya da babbar riga da hula, wanda shi ya biya kuɗin mota zuwa Jega ko Gwandu. A bayan hoton akwai hatimin mai hoto, ya kusa gogewa.

Nan ne hira ke canza murya. Wannan yanzu malamin makaranta ne. Wancan yana noman rani a fadama. Wannan lamba bakwai, wanda ba a kamo shi da gudu, yau limami ne. Wancan na ƙarshe Allah Ya yi masa rasuwa, sai a ɗaga hannu a yi masa addu'a. Abin da muke nema a hotunan nan mutanenmu ne, da ƙuruciyar da muka yi tare da su.

Shi ya sa abu ɗaya ke damuna. Yaranmu na iya jero maka 'yan wasan Arsenal na kakar 2003 zuwa 2004, da ba a ci su ko wasa ɗaya a gasar Firimiya ba, tun daga gola har benci. Wannan an adana shi, yana cikin kowace waya. Amma waɗanda suka buga a filayen Birnin Kebbi da Argungu, suka tara jama'a har kan katanga, sunayensu na cikin kan mutum biyu ko uku kawai. Gara na cin hotuna, damina na shiga akwati, masu ba da labari kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa ana kai wa kan wata fuska a yi shiru, babu wanda ya tuna ko wane ne.

Mu da muke da Gidan Tarihi na Kanta, muka riƙe bikin kamun kifi a Matan Fada tun 1934, mun san darajar adana abin da ya wuce. Ƙwallon unguwa ma tarihinmu ce. Duk mai irin wannan hoto ya samu dattijon da ya san su tun yana da ƙarfin tunawa, a rubuta sunaye a baya, daga hagu zuwa dama, da shekara da filin da aka buga. A ɗauke shi da waya a tura wa 'ya'yan waɗanda ke ciki. In hali ya yi, a nemi izini a kafa wasu a bangon filin wasa na Haliru Abdu, domin yaron da ya zo atisaye ya ga cewa kafin shi an yi maza a garin nan, kuma ya san su da sunansu.