Baƙin Yankari Iri-Iri Ne

In mutum ya bar Bauchi ta hanyar Gombe, ya karya a Dindima, zai isa ƙauyen Mainamaji, inda ƙofar gandun dajin Yankari take. Daga nan zuwa masaukin Wikki akwai sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai cikin daji tsantsa. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. An ƙidaya dabbobinsa, an rubuta sunayen tsuntsayensa, amma har yau ba a yi wa ire-iren masu zuwa kallo rajista ba, alhali su ma jinsi-jinsi ne, kuma kusan kowannensu da halin garinsu yake shigowa daji.

Na gaba-gaba shi ne mai bin bashin zaki. Tun da ya biya kuɗin shiga, a ganinsa an ƙulla ciniki, saura a miƙo kaya. Motar zaga daji ba ta yi nisa ba zai fara: "Malam, ina zakin?" A nuna masa gwanki, ya kau da kai. A nuna masa garken ɓauna, ya ce ai shanu ne, akwai su a rugar bayan garinsu. Ɗan jagora zai yi masa bayani cewa faɗin dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, zakunan da suka rage 'yan ƙalilan ne, kuma da rana kwanciya suke yi a inuwa. Duk wannan bai shige shi ba, domin a gidan zu na Kano ya saba tarar da zaki a inda aka ajiye shi. Abin haushin ma, a watan Agusta yakan zo, lokacin da ciyawa ta fi mutum tsayi, ruwa ya wadata ko'ina, dabbobi sun bazu. Masu rabon gani da rani suke zuwa, sa'ad da ƙishirwa ke tara namun daji a bakin kogin Gaji.

Kusa da shi a mota akwai mai waya. Wannan bai taɓa kallon giwa ido da ido ba, domin da zarar an ce ga ta, sai ya juya mata baya, ya ɗaga waya, ya gyara hula. Yankari na cikin 'yan wuraren da giwaye suka rage a Nijeriya, kuma baƙi da yawa kan zo su koma ba su yi katarin ganin ko ɗaya ba. Shi kuwa ya samu, amma abin da ya fito a hoton fuskarsa ce, sai wani abu toka-toka a bayan kunnensa. Damuwarsa ɗaya a dajin nan: sabis. Za a gan shi a masauki yana yawo da hannu sama, yana neman inda hoton zai tafi.

Sai Hajiya mai kula. Ita ba ta yarda da abincin hanya ba, don haka tun asuba ta cika but ɗin mota: shinkafa da miya, soyayyun kaji, dambun nama, cincin, zoɓo mai ƙanƙara. Ta shirya wa yunwa, ba ta shirya wa gwaggon biri ba. Birran masaukin Wikki sun daɗe da sanin mutane. Sun san leda, sun san kula, sun san ƙofar da ba a kulle ba. Ma'aikata kan ja kunnen kowane baƙo ya rufe ɗaki da taga, kada kuma ya ba su abinci. Hajiya takan ce, "Haba ɗan nan, biri ne fa." Kafin ta gama shimfiɗa tabarma, wani ƙato ya sure burodi ya haye rufin ɗaki, ya zauna yana ci yana kallonta. Daga nan yawon buɗe ido ya ƙare, gadi ya fara. Za ta wuni da sanda a hannu, tana salati, gadu kuma na kiwonsa a gefenta, gwiwoyi a ƙasa, ko a jikinsa.

A maɓulɓular Wikki mutane kan rabu gida biyu. Ruwan yana fitowa ne daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Gida na farko shi ne gwanin iyo na baka. Tun daga Dindima yake ba da labarin yadda yake ratsa kogin garinsu da ƙuruciya. Da aka iso, ya tuɓe riga, ya miƙe hannuwa, ya tambayi zurfin wurin. Aka ce ta wajen dutsen yakan shanye mutum. Nan take ya tuna bai daɗe da cin abinci ba, ya koma inda ruwa ke iya gwiwa, yana koya wa yara yadda ake bugun ƙafa.

Gida na biyu shi ne mai tsoma ƙafa. Ya rantse ba zai shiga ba, ya naɗe wando kawai ya zauna a gefe. Bayan minti goma ruwa ya kai ƙugu. Da magariba sai an haɗa shi da Allah kafin ya fito, yatsu duk sun yamushe.

Akwai kuma masani, wanda ya fi ɗan jagora sanin dajin da bai taɓa shiga ba. Iliminsa daga talabijin ne, saboda haka yana jiran raƙumin dawa da jakin dawa, kuma ya tabbata ɓoye su aka yi. A gaya masa cewa waɗannan sai a gandun Sumu, can ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka kawo su daga Namibiya, ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan. A kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka fafe a jikin dutse, ɗan jagora zai ce ana kyautata zaton mafaka ce ta zamanin farautar bayi, kuma an sa musu sunan P.J. Marshall ne, wanda ya bayyana su a 1980. Masani zai gyara tsayuwa ya ce aikin aljanu ne. A rijiyoyin Dukkey, su fiye da 100, nan ma yana da nasa bayanin. Abin mamakin shi ne, rabin motar shi suke saurare, don ya fi ɗaga murya.

Alhaji ɗan kasuwa bai cika magana ba, lissafi yake yi. Ya dubi dajin ya tambayi hekta nawa ne. Aka ce ya haura 224,000. Ya yi shiru, leɓɓansa na motsi: yana mayar da su buhunan masara. Ya ga gwambaza, ya kimanta kilishin da za ta bayar. Ya ji ruwan Wikki ba ya ƙafewa, ya tambaya ko an taɓa tunanin ƙulla shi a leda. Sai an shiga da shi ɗan gidan tarihin masaukin, ya ga fatu da hauren giwa da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta, sannan ya fahimci cewa wasu sun riga shi wannan lissafin, kuma saboda su ne masu gadin daji ke kwana a jeji.

Malamin makarantar da ya kawo ɗalibai bai ga komai ba. Kawuna yake ƙirgawa: a ƙofa, a mota, a bakin ruwa, a bakin banɗaki. In lissafi ya cika, sai ya sake, don bai yarda ba.

Ango da amarya su ma ba su ga komai ba, amma dalilinsu daban.

Can gefe guda ga mai kallon tsuntsaye, sau da yawa Bature, wani lokaci ɗalibin jami'a. An lissafa tsuntsaye sama da iri 350 a Yankari, shi kuma so yake ya gan su ɗaya bayan ɗaya. Yakan tsaya cak da madubin hangen nesa, ya yi rabin awa bai motsa ba. Jama'a su taru a bayansa, a yi tsit, iyaye su ɗora yara a wuya, kowa ya ɗauka babban nama ya hango. Daga ƙarshe ya sauke madubi yana murmushi, ya nuna wani ɗan tsuntsu da bai kai dunƙulen hannu ba, ya rubuta a littafi. Taro ya watse ana tsaki, wata tsohuwa na cewa, "Allah sarki, daga ƙasarsu ya taso saboda wannan?"

Na ƙarshe ba a gane shi sai an kama hanyar gida, shi ne mai labari. A daji ya yi shiru, har gyangyaɗi ya yi a motar zagaye. Abin da ya gani bai wuce kashin giwa a kan hanya ba, sai wani reshe da aka ce ita ta karya. A Mainamaji zai ce sun ji motsinta. A Dindima ta leƙo. Kafin a shiga Bauchi ta zama uwa da 'ya'ya uku. Ranar da ya zauna a majalisar unguwarsu, bayan sallar isha'i, giwar ta bi motarsu da gudu, direba ya rikice, mata na kuka, shi ne ya dafa kafaɗar direban ya ce, "Kwantar da hankalinka, sa giya ta biyu." Waɗanda suka je tare da shi suna zaune a wurin, kuma ba mai ƙaryata shi, domin a labarin an ba kowannensu ɗan abin jarumtar da ya yi.