Allah Ya Kawo Mana Babban Baƙo

Duk wanda ya ce gayyato shugabannin duniya zuwa jami'a ɓata lokaci ne, hassada ke cin sa. Mu mutanen Cadawa da Gazawa da Gidan Rumji, masu ƴaƴa a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, addu'armu kullum Allah ya ba mu irin rabon da maƙwabta suka samu.

Dubi Dakar. A watan Yulin 2007 Nicolas Sarkozy na Faransa ya tsaya a jami'ar da ke ɗauke da sunan Cheikh Anta Diop, masanin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen tono tarihin baƙar fata, ya sanar da ɗalibai cewa ɗan Afirka bai gama shiga tarihi ba. Wane malami zai ba ka wannan ilimi kyauta? Ba don zuwansa ba, da har yau ana ruɗin yara da labarin Mali da Songhai da Katsina.

Wagadugu ma ta sha albarka a Nuwamban 2017, da Emmanuel Macron na Faransa ya je jami'arta. Saboda girmama ilimi, sai da aka rufe makarantun birnin. Ɗaliban da suka taru a waje aka tattauna da su da barkonon tsohuwa. A cikin zaure aka yi wa baƙo tambaya kan wutar lantarkin jami'a, ya ce wannan aikin shugaban ƙasarsu ne. Da Shugaba Kaboré ya tashi ya fita, baƙo ya ce ai ya tafi gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Wa ya ce ba a amsa tambaya?

Ku duba abin da za mu samu in namu baƙon ya iso. Bango zai sha fenti, a cike ramukan hanyar da zai bi, wuta ta yini cur ba ta ɗauke ba. Ɗalibin da ke jiran kuɗin burs wata da watanni zai samu hoto a waya, ya aika wa tsohonsa da ya sayar da buhunan aya don ya yi karatu. Me ya fi wannan riba?

Sai dai a yi hattara da masu cewa a gayyato manoman Ɗan Saga na ƙasar Agye, wai don sun raya gawo da kalgo da sabara a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, har masana na tasowa daga ƙasashen waje su koya a wurinsu. Subhanallahi! Mutumin da ba shi da jirgi, ba jiniya, ba mai riƙe masa laima? Ga shi da Hausa zai yi magana, ba tafinta. Haɗarin a bayyane yake: ɗalibai za su fahimci abin da ya faɗa, su koma gida su aikata, kuma ba a shirya wa haka kasafin kuɗi ba.